Tsohuwar rediyon gano shiyya: abin dubawa kafin saye da bayan saye

Tambaya: Na fara tara tsofaffin rediyoyin nan na ɗauka a hannu, masu sanda kwance a ka wadda ake juyawa don gano ta inda sigina ke zuwa. Wasu suna kama tasha, wasu ko tari ba sa yi. Ta yaya zan gane wadda ta cancanci saye, me zan fara gyarawa, kuma tun da an ce an rufe tashoshin da aka ƙera su dominsu, da me zan gwada su?

Amsa: Malam, darajar irin wannan na'ura tana wurin da take yin shiru. Sandar nan da ke kanta ferayit ce, wato gasasshen haɗin garin ƙarfe mai tara siginar rediyo, da aka naɗe da siririyar waya. Idan ta ba tasha gefenta, sauti ya fi ƙarfi. Idan ka juya ta har tsininta ya nuna tashar, sautin ya mutu. Wajen ƙarfin yana da faɗi, za ka juya digiri 30 ko fiye kunnenka bai ji bambanci ba, amma wajen mutuwar siriri ne ƙwarai, shi ya sa da shi ake awo. Bari mu kira shi gurbin shiru. Rediyon da take kama tasha ras amma gurbinta ya cushe, rediyo ce kawai ta sauraro mai kaya a ka. Wadda ba ta magana amma sandarta lafiya lau, ita ce abin saye, domin kusan duk abin da ke cikin akwatin ana samun madadinsa, ban da kan nan mai juyawa.

Kasuwar tana da faɗi, gara ka zaɓi layi ɗaya. Mafi yawan abin da za ka gani na ƙananan jiragen ruwa ne, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa shekarun 1970: Ray Jefferson, Bendix Navigator, Pearce-Simpson, Raytheon, Apelco, Nova-Tech Pilot II, da Zenith Royal 790 da ake kira Super Navigator. Akwai Heathkit, wadda gunduwa-gunduwa ake sayar da ita mutum ya haɗa da hannunsa, don haka ingancin kowace ɗaya ya danganta da hannun da ya haɗa ta, amma littafinta ya fi na kowa bayani. Daga Ingila akwai Seafix da Lokata na riƙewa a hannu ɗaya da kamfas a ka, da kuma Homer ta kamfanin Brookes and Gatehouse mai tafiya da eriyar hannu da ake kira Heron. Daga Danmak akwai korayen akwatunan Sailor, daga Japan akwai Koden da Taiyo. Layin soja daban ne: SCR-504 ta Amurka da aka ɓoye cikin akwatin tafiya, da Gürtelpeiler ta Jamus da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin kwat don farautar masu aika saƙo a ɓoye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ban ba mai farawa shawarar shiga wannan layin ba. Kayan sun yi ƙaranci, haɗe-haɗe sun yi yawa, ga kuma wani haɗari da zan zo kansa.

Fuskar lambobi tana faɗin shekarun na'ura kafin ka kwance ko da noti ɗaya. Idan ƙirar Amurka ce ka ga ƙananan alamu biyu a kan 640 da 1240 na matsakaicin zango, wato na tashoshin AM, alamun Conelrad ne, tsarin Amurka na sanar da jama'a ta rediyo lokacin harin yaƙi, waɗanda aka sa wa rediyoyi daga 1953 zuwa 1963. Abin dariya shi ne an kafa wannan tsari ne don a hana jiragen abokan gaba yin daidai abin da na'urarka ke yi, wato bin siginar tasha har garin da take. Idan an rubuta kc da Mc, tsofaffin sunayen ma'aunin lambar tasha, ta fi tsufa a kan wadda aka rubuta wa kHz da MHz. An amince da sabon sunan a 1960, amma ya ɗauki kamfanoni shekaru kafin su sauya. Wadda ke da FM da VHF ta baya-bayan nan ce, kuma ka sani waɗannan zangunan biyu da doguwar eriyar tsaye suke aiki, sandar ferayit ba ta gano shiyya a kansu. A ciki kuma, duba bayan mamurɗin sauti. Lamba irin 1376512 tana nufin kamfanin CTS ne ya yi shi, wato 137, a shekarar 1965, mako na 12. An haɗa na'urar bayan wannan makon ke nan, yawanci ba da nisa ba.

Idan tana hannunka kafin ciniki, fara da kan. Juya shi a hankali zagaye ɗaya cikakke. Ya tafi sumul, ba tare da rawa sama da ƙasa ba. Girgiza shi kusa da kunnenka: in ka ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki, sandar ta karye. Ferayit kamar tangaran yake, faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Duba faifan digirin da ke ƙarƙashin kan, mai lamba 0 zuwa 360, da manunin da ke kansa, da ƙananan ƙarafan saiti masu naɗewa idan ƙirar tana da su. Waɗannan su ne ke ɓacewa, kuma sai ka sayi wata na'urar sukutum kafin ka same su. Sai eriyar tsaye mai zugewa. Mutane suna raina ta, alhali tsawonta lissafi ne, in an canza ta da wata mai tsawo daban aikinta ya lalace. Daga nan ka buɗe gidan batir. Farin gari ko kore a kan ƙarafan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ruwan batirin ya bi waya ya kai allon da'ira ko ya shiga makunnin sauya zango. Na'urar da ta zauna a teku kuma tana da tata cutar: gishiri yana cin aluminiyam ya bar farin ƙura, kuma yana haɗe notin ƙarfe da jikinta har sai an huda. A ƙarshe karkata akwatin ka kalli allurar mita. Mai lafiya za ta ɗan yi lilo ta koma wurinta.

To, ka saya. Kada ka zuba mata batir ka murɗa. Nemo zanen da'irarta tukuna, ka tabbatar da yawan bolt ɗin da take ci, sannan ka gane wane ɓangare ne ke haɗe da gangar ƙarfenta. Yawancin na shekarun 1950 da 1960 transistocin jamaniyam ne a ciki, kuma da yawansu ɓangaren + ne ke jikin gangar, akasin abin da aka saba yanzu. Juya waya sau ɗaya yana iya ƙona transista ya kuma kumbura kafasita. Ba ta wuta daga na'ura mai ƙayyade ƙarfin da ke fita, ka sa mitar awo a tsakani, sauti a ƙasa, fitilar fuska a kashe. Irin waɗannan yawanci miliamfa 10 zuwa 25 suke ja a haka. Idan ka ga ta haura 50, cire wutar, akwai abin da ya haɗe.

Wankin gidan batir ya danganta da irin batirin da ya zuba. Na alkalin yana barin farin gishiri mai kaushi, maganinsa ruwan khal a kan auduga. Tsohon batirin zinki da gawayi ruwansa mai tsami ne, yana barin tsatsa ja, shi kuma bekin soda da aka dama da ruwa ke kashe shi. Ko wanne ka yi, bi da ruwa mai tsabta, sannan sifirit, ka bar shi ya bushe kwana guda. Wayar da ruwan ya shiga cikin robarta takan yi baƙi har can ciki, dalma ba za ta kama ta ba, canza ta gaba ɗaya.

Kafasitoci masu alamar + da − su ne na farko a canji. Bayan shekara hamsin sun bushe, kuma su ke jawo raunin sauti, ko kuka, ko wata ƙara kamar ta babur daga nesa. Ba su da yawa, shida zuwa goma sha biyu a yawancin na'urori. Sa masu ƙima ɗaya ko mafi kusa, misali 47 a madadin 50, masu jure bolt daidai da na da ko sama. Ɗauki hoto kafin ka cire kowace, kuma ka canza su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa, don in wani abu ya tsaya ka san inda ka yi kuskure. Ƙananan kafasitocin da ke kewaye da naɗin waya da makunnin zango kuwa, ka ƙyale su, su ke riƙe da daidaiton lambobin fuska. Tsofaffin rezistocin gawayi ƙimarsu hawa take yi da shekaru. Wadda ta haura kashi 20 cikin ɗari a kan abin da launinta ya nuna, a sauya ta.

Jamaniyam ba ya son zafi. Duk lokacin da za ka kai ƙarfen narka dalma ƙafar transista, kama ƙafar da filaya tsakanin wurin da jikinta, kuma kada ka wuce daƙiƙa uku. Wajen gwaji, mitarka za ta nuna kusan bolt 0.2 zuwa 0.3 a mahaɗarta, ba 0.6 irin na silikon ba, don haka kada ka yanke mata hukunci a kan wannan. Haka kuma ba a cusa ta silikon a gurbinta kai tsaye sai an sake lissafin rezistocin da ke ciyar da ita. A ƙirar Turai akwai wata sananniyar cuta a transistoci masu lamba AF114 zuwa AF117 da OC170 da OC171: wasu siraran gashin kuza suna tsirowa daga cikin gwangwanin su taɓa wayoyin ciki. Alamarta, rediyo ta mutu, ka ƙwanƙwasa gwangwanin da bayan sukudireba ta farfaɗo. Yanke ƙafar da ke haɗe da gwangwanin yana tashinta na wani lokaci, amma gashin ba ya daina tsiro. Gyaran da ke daɗewa shi ne sa AF124 zuwa AF127 a wurinsu.

Yanzu kan mai juyawa, inda ya kamata ka ɓata lokacinka. Sigina tana saukowa daga sandar zuwa akwatin ta ɗayan hanyoyi biyu: ko zobban ƙarfe da 'yan harsuna ke gogawa, ko damin siraran wayoyi da ke murɗewa, da wani tokari da ke hana kan wuce zagaye ɗaya. Mai zobba in ta yi datti za ka ji ƙarar-ƙarar duk lokacin da ka juya, kuma sauti zai riƙa ɗaukewa a wuraren da ba gurbin shiru ba ne, wanda ke ruɗin mai awo. Goge zobban da sifirit da ƙyalle mara gashi, ka ɗiga maganin wanke makunni kaɗan. Kada ka kai musu takardar yashi, rufin da ke kansu siriri ne, in ya tafi tsatsa ta samu wuri. Mai wayoyi kuma a daidai tokarin suke tsinkewa, musamman in wani ya taɓa tilasta kan ya wuce iyakarsa. Wayar naɗin ba ɗaya ba ce, silili ne da yawa kowanne da rufinsa, kuma in za ka haɗa ta sai dalma ta kama dukkansu. In rabi kawai ta kama, mitar awo za ta ce lafiya, amma kamun tasha zai yi rauni kuma ya yi faɗi.

Sandar da ta karye gida biyu tana gyaruwa in karayar mai tsabta ce. Share fuskokin biyu, ɗiga gam mai ruwa-ruwa mai kamawa nan take, ɗigo ɗaya tak, ka matse su sosai a kan abu mai shafe don su miƙe. Kaurin gam tazara ce a hanyar maganaɗisu, kuma kowace tazara tana rage ƙarfin naɗin. In sandar ta ɗan lanƙwashe a wurin haɗin, gurbin shirun zai kauce daga manuni. Kafin ka zame kowane naɗi daga kan sandar, sa alama da fensir a inda yake, domin wurin zamansa ɓangare ne na daidaitawa.

Daidaitawar ita ce ta ƙarshe, kuma sai in akwai bukata. Yawancinsu lambar da suke mayar da kowace tasha a kai a cikin akwatin, wato IF, kilohaz 455 ce, amma tabbatar a littafin, domin wasu na Turai sun ɗan bambanta. Kana bukatar na'urar ba da siginar gwaji. Naɗa waya zagaye uku ko huɗu ka ajiye ta kamar taku ɗaya daga sandar, ba sai ka haɗa komai ba. A matsakaicin zango, ana gyara naɗin a wajen 600, ana gyara ƙaramin kafasitan daidaitawa a wajen 1400, a maimaita sau biyu ko uku domin kowanne yana jan ɗayan. Sauran zanguna haka, ƙasa da naɗi, sama da kafasita, bisa jerin da littafin ya bayar. Yi amfani da abin murɗawa na roba. Sukudireban ƙarfe yana karkatar da awon, kuma yana fasa ƙwayar da ke cikin naɗin, wadda in ta fashe ta maƙale ke nan.

Batun tashoshi, gaskiya ne an yi rashi. Tashoshin jagora na teku, masu aika sigina don jirage su gano shiyya, suna tsakanin kilohaz 285 da 325 a Amurka, 283.5 zuwa 315 a Turai, inda a da ake haɗa har shida a lamba ɗaya, kowace ta yi minti guda: ta faɗi sunanta da harufan Mos na ɗigo da ja, ta ja dogon sauti na kusan daƙiƙa 25 don a ɗauki awo, ta ba ta gaba wuri. GPS ya kashe kasuwarsu, zuwa ƙarshen shekarun 1990 an rufe mafi yawansu ko an mayar da su aika gyaran GPS. Tsarin Consol, wani tsarin jagora ta rediyo wanda ake ƙirga ɗigo da ja sittin a cikinsa, shi ma ya tafi, don haka in ka ga an rubuta Consol ko Consolan a makunni, tarihi ne kawai, sai dai makunnin yana kunna BFO, da'irar da ke mayar da siginar da ba ta ɗauke da sauti ta zama fito da kunne ke ji, wadda har yanzu take da amfani. Zangon jiragen ruwa na wajen megahaz 2, mai lambar neman agaji kilohaz 2182, kusan fayau yake. Abin da ya rage maka biyu ne: tashoshin jagora na jiragen sama a dogon zango, tsakanin 190 da 535, masu maimaita harafi biyu ko uku na Mos ba dare ba rana, ko da yake su ma ana ta rage su, da kuma tashoshin AM na matsakaicin zango. Da na AM, nemo inda turken watsawar yake a taswira, domin sau da yawa yana da nisa da ɗakin shirye-shirye.

Ka fita da ita fili. Cikin gini, rodin da ke cikin siminti da wayoyin bango suna karɓar sigina su sake watsa ta, ga hayaniyar fitilun LED da cajar waya da inbata, waɗanda suka fi ɓarna a dogon zango. Ɗora ta a teburin katako, nesa da mota da shingen ƙarfe kamar mita 10, da batir, ba da wayar wuta ba, don wayar ma eriya ce. Yi gwajin da hantsi zuwa la'asar. Da asuba da magariba da dare siginar da ta dawo daga sama tana gauraya da ta ƙasa, gurbin ya riƙa yawo ko ya cike. Zaɓi tasha mai nisan kilomita 15 zuwa 80. Saita sifilin faifan ya kalli arewa, ka tuna kamfas arewar maganaɗisu yake nunawa, taswira kuma arewa ta gaskiya, sai ka ƙara ko ka rage bambancin wurin da kake. Riƙe kamfas ɗin nesa da akwatin, maganaɗisun sifika yana jan allurarsa. Dalilin da ya sa na hannu masu kamfas a ka suke amfani da abin sawa a kunne ke nan.

Kama tashar da ƙarfi, sannan ka rage mamurɗin ƙarfin kamu, wanda aka rubuta wa RF GAIN ko SENSITIVITY, har allurar ta sauko tsakiya. Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Rediyo tana da da'irar da ke ƙara ƙarfi da kanta duk lokacin da sigina ta yi rauni, to in ka bar mamurɗin a sama, ita za ta cike maka gurbin ka ce na'urar ta lalace. Juya kan har sautin ya mutu. Kada ka nemi tsakiyar da kunne: rubuta digirin da sauti ya ɓace da digirin da ya dawo, ka raba biyu. Ya ɓace a 112, ya dawo a 118, awonka 115. Sai ka juya zuwa ɗaya tsinin ka maimaita. Lafiyayyiyar na'ura za ta ba ka 295, wato tazarar 180 cif. In ka samu 288 ko 302, ko gurbi ɗaya mai zurfi ɗaya mai cushewa, sigina tana shigowa ta wata ƙofa: ko garkuwar da ke rufe naɗin ta rabu da gangar ƙarfe, ko makunnin eriyar tsaye yana yoyo saboda datti, ko ka bar eriyar a zuge waje.

Gurbi biyun nan su ne matsalar asali: sandar ta ba ka layi, ba ta ce tashar tana gaba ko baya ba. Eriyar tsaye ce ke raba gardama. Zuge ta waje duka, juya kan digiri 90 daga gurbin, danna makunnin SENSE ka lura da allura, sannan ka juya 180 ka sake dubawa. Gefe ɗaya zai fi ƙarfi a fili, kuma kibiyar da ke kan sandar ko littafin zai gaya maka wanne ne gaba. Gwada wannan da tashar da ka riga ka san inda take, domin in mai gyara na baya ya juya wayoyin naɗin biyu, na'urar za ta nuna baya a matsayin gaba ba tare da wata alama ba. Kuskuren digiri 3 zuwa 5 shi ne abin da ake tsammani daga waɗannan a yanayi mai kyau. Kowane digiri ɗaya kaucewar kilomita ɗaya ce a nisan kilomita 60, don haka kada ka zarge ta in layukan tasha uku sun bar ɗan kusurwa uku a taswira maimakon ɗigo.

Haɗarin da na ambata radiyom ne, sinadari mai fitar da radiyeshon mai cutar da jiki. Fuskoki da allurai da kamfas na kayan soja, daga yaƙin duniya har zuwa shekarun 1960, da yawa an shafa musu fenti mai shi don su yi haske a duhu. Fentin ya daina haske tuntuni, ya koma launin ƙasa-ƙasa, amma radiyom ɗin sai ya yi shekara 1600 kafin rabinsa ya tafi. Kada ka kankare, kada ka hura, kada ka buɗe gilashin mitar. Auna da na'urar Gaiga mai gano radiyeshon, kuma ka ajiye irin wannan inda iska ke shiga, ba ɗakin kwana ba. Masu aiki da bawul kuma, wato 'yan kwalaben gilashin da aka yi amfani da su kafin zuwan transista, suna cin batir biyu, ƙarami na bolt 1.5 don zaren bawul da babba na 67.5 ko 90. Ƙananan batir masu bolt 9 guda goma a jere suna ba da 90, amma in wannan wutar ta kuskure ta bi layin zaren, duk bawul ɗin sun ƙone cikin ƙiftawar ido. Wadda ke da wayar bango ba tare da taransifoma ba, gangarta na iya ɗaukar wuta, sai da taransifomar raba wuta ake taɓa cikinta.

Wajen ajiya, cire batir kowane lokaci, sa ƙunshin shan danshi a gidan batirin, kuma kada ka naɗe wayar abin sawa a kunne a jikin akwatin, robar wayar tana narka robar akwatin ta bar sawu da ba ya gogewa. Kayan da ka cire ka zuba su a leda ɗaya da takardar da ke faɗin abin da ka canza da ranar, tare da awon gurbi biyun da ka samu. Kamfas ɗin da ya yi kumfa kada ka cika shi da ruwan da ka ga dama, wasu sifirit ne a ciki wasu mai ne, kuma wanda bai dace ba yana cinye rubutun faifan. In kuma aiko maka za a yi daga nesa, roƙi mai sayarwa ya zuge eriyar tsaye ciki, ya tokare ƙarƙashin kan da soso ta ɓangarori biyu, ya ɗaure shi don kada ya juya, sannan ya sa akwati cikin akwati da tazarar santimita 5 ta kowane gefe.